Ina rabin makamashin ya tafi? Lissafin caji, ƙarfi da makamashi a da'irar lantarki

"Assalamu alaikum Malam. Ina shekarar farko a sashen injiniyan lantarki. An ba mu aiki kamar haka: akwai wani abu a cikin da'ira, boltej ɗin da ke kansa v = 12e^(−t) bolt ne, karent ɗin da ke shiga ta ƙafarsa ta fozitib kuma i = 0.12e^(−t) amfiya, farawa daga t = 0. Aka ce mu nemo jimillar caji, da ƙarfi, da jimillar makamashi. Caji na samu kulom 0.12, na ninka shi da bolt 12 na samu jul 1.44, amma amsar malaminmu jul 0.72 ce. Ina rabin ya tafi? A wata tambayar kuma ƙarfi ya fito mini da alamar ɗebewa, ban san ko kuskure na yi ba. Sannan a gida muna da batir mai 200Ah da inbata, ko wannan lissafi zai nuna mini awa nawa zai ɗauke mu? Na gode."

Wa alaikumus salam. Malaminku ya yi daidai, cajin da ka samu ma daidai ne. Inda ka kauce wuri ɗaya ne, ka ɗauka kamar boltej ya tsaya a 12 daga farko har ƙarshe, alhali tun sakan na farko ya zubo ƙasa da biyar. Tambayoyinka uku ne a ido, amma ta farko da ta uku tushensu guda: abin da ke canzawa da lokaci ba a ninka shi kai tsaye, tara shi ake yi gutsure gutsure. Ta biyun kuwa maganar alama ce, kuma tana da ƙa'idarta.

Abin da kowane ɗaya yake aunawa

Caji yawan lantarkin da ya wuce ne, ana auna shi da kulom. Ilektiron ɗaya yana ɗauke da kusan kulom 1.602 × 10^(−19), adadin da aka tsayar a matsayin tabbatacce lokacin da aka sake fasalin ma'aunan duniya a 2019. Ke nan kulom ɗaya cajin ilektiron kusan 6.24 × 10^18 ne. Karent shi ne saurin wucewar cajin: amfiya ɗaya na nufin kulom ɗaya a kowane sakan, wato i = dq/dt. In ka kafa jarka a bakin famfo, ƙarfin zubowar ruwan shi ne karent, abin da ya taru a jarkar shi ne caji.

Boltej shi ne ɗalibai suka fi haddacewa ba tare da sun fahimce shi ba. Bolt ɗaya jul ɗaya ne a kan kowane kulom. Idan aka ce akwai bolt 12 tsakanin ƙafafun wani abu, ana nufin duk kulom ɗin da ya ratsa shi a wannan lokacin zai ajiye jul 12 a ciki, ko ya ɗauko jul 12 daga ciki. Riƙe "a wannan lokacin" da kyau, a nan rabinka ya ɓace.

Ƙarfi kuma saurin ba da makamashi ne ko karɓarsa, ana auna shi da wat, wato jul ɗaya a sakan. Ka ninka jul a kan kulom da kulom a kan sakan, kulom zai soke kulom, a bar ka da jul a kan sakan. Daga nan p = vi ta fito, ba wata doka ba ce da aka ƙirƙiro daban. Dangantakar da ke tsakanin karent da caji ita ce dai tsakanin ƙarfi da makamashi: caji tarin karent ne a tsawon lokaci, q = ∫i dt, makamashi tarin ƙarfi ne, w = ∫p dt.

Idan komai a tsaye yake, tarawar nan ninkawa ce kawai. Ƙwan mota mai jan amfiya 5 a bolt 12 na tsawon minti 10: sakan 600 ke nan, caji kulom 3,000, ƙarfi wat 60, makamashi jul 36,000. A nan q sau v yana ba da amsa daidai, 3,000 sau 12, domin kowane kulom ya tarar da bolt 12 ɗin nan. Irin wannan misalin ne ke sa hannu ya saba da w = qv har mutum ya manta da sharaɗin da ke bayansa.

Aikinka dalla dalla

Caji tukuna. q(t) = ∫0.12e^(−t) dt daga 0 zuwa t, wanda ya ba da q(t) = 0.12(1 − e^(−t)) kulom. Idan lokaci ya yi nisa, e^(−t) ya koma sifili, jimilla kulom 0.12. Ka samu wannan.

Ƙarfi kuwa sai ka ninka v da i tun suna ɗauke da t ɗinsu, kafin ka taɓa intigireshin, wato tarawar da alamar ∫ ke nunawa. p(t) = 12e^(−t) × 0.12e^(−t) = 1.44e^(−2t) wat. Lura da 2 ɗin da ta bayyana a sama. Boltej yana sauka, karent yana sauka, don haka ƙarfi yana sauka da ninkin saurinsu. A t = 0 ƙarfin wat 1.44 ne. A sakan ɗaya boltej ya koma kusan 4.41, karent kusan amfiya 0.0441, ƙarfi kusan wat 0.195 kacal.

Makamashi: w(t) = ∫1.44e^(−2t) dt daga 0 zuwa t = 0.72(1 − e^(−2t)) jul. Wancan 2 ɗin ce ta sauko ta raba 1.44 gida biyu. Jimilla jul 0.72.

Lissafin ya ƙare, amma ina so ka gan shi da ido ba da alƙalami kawai ba. Gutsuren caji na farko ya ratsa abin ne lokacin da boltej ke 12, ya biya cikakken farashi. Na tsakiya ya tarar da bolt 6. Na ƙarshe ya tarar da kusan sifili, bai ajiye komai ba. A wannan tambaya boltej yana sauka daidai wa daida da cajin da ya riga ya wuce, v = 12 − 100q, miƙaƙƙen layi ne daga 12 zuwa sifili, saboda haka matsakaicin abin da kowane kulom ya tarar bolt 6 ne. Kulom 0.12 sau 6, jul 0.72. Rabin bai tafi ko'ina ba, dama can babu shi.

Akwai abin da tambayar ba ta faɗa ba amma lambobin sun tona. Raba v da i, za ka ga om 100 ne a kowane lokaci, ke nan abin rizista ce, mai tauye karent tana mayar da makamashi zafi. Irin wannan saukar kuma ita ce ta kafasita, ma'ajiyar caji, mai farad 0.01, wato 10,000µF, da aka cika zuwa bolt 12 aka juye ta cikin rizista mai om 100. Cajin kafasita Cv ne, 0.01 sau 12, kulom 0.12. Makamashinta ½Cv², rabin 0.01 sau 144, jul 0.72. Rabin da ke cikin ½Cv² shi ne wanda kake nema. Ina shawartar duk ɗalibi ya riƙa yin irin wannan gwaji na biyu, ya bi wata hanya ya ga ko zai iso amsa ɗaya, tun ba a ɗakin jarrabawa ba inda babu wanda za ka tambaya.

Wani abin lura: bayan sakan ɗaya cajin da ya wuce kashi 63 cikin 100 ne na jimilla, amma makamashin da aka riga aka bayar ya kai kashi 86. Caji da makamashi ba sa tafiya kafaɗa da kafaɗa sai idan boltej a tsaye yake.

Idan giraf aka ba ka maimakon lissafi, aikin ya fi sauƙi, domin caji shi ne filin da ke ƙarƙashin layin karent. A ce karent amfiya 5 ne daga 0 zuwa sakan 2, sannan ya gangaro a miƙe zuwa sifili a sakan 6. Kashin farko mai kusurwa huɗu ne, 5 sau 2, kulom 10. Na biyu alwatika ce, rabin 4 sau 5, kulom 10. Jimilla 20. Duk filin da ya faɗa ƙasan layin sifili ɗebe shi ake yi, don cajin ya juya baya ne. Tarkon da ke nan shi ne idan an ba ka giraf biyu, na v da na i, dukansu suna canzawa. Kada ka nemi filin kowanne ka ninka su. Ka yanka lokacin a duk inda ɗayansu ya karya, ka rubuta v da i na kowane yanki, ka ninka, sannan ka tara. Miƙaƙƙen layi sau miƙaƙƙen layi lanƙwasasshe yake haifarwa, lissafin alwatika ba zai yi aiki a kansa ba.

Alamar ɗebewa

Ƙarfi mai alamar ɗebewa ba kuskure ba ne, labari yake ba ka. Ƙa'idar da ake bi ita ce: idan kibiyar karent tana shiga ta ƙafar da aka yi wa alamar fozitib, ka rubuta p = vi. Idan tana fita daga nan ne, ka rubuta p = −vi. Bayan ka saka lambobi, amsa mai alamar tarawa na nufin abin yana karɓar makamashi, mai alamar ɗebewa na nufin shi ke bayarwa.

Batirin mota ya isa misali. Lokacin da injin ke aiki ana cajinsa, a ce bolt 14 a kansa, amfiya 10 na shiga ta kan fozitib: wat 140, yana karɓa. Ka kashe injin ka bar fitilu, amfiya 10 na fita daga kan fozitib a bolt 12: p = −120, yana bayarwa. Abu ɗaya ne, alamar ce ta sauya. Rizista ba ta taɓa ba da alamar ɗebewa, in ta fito maka haka a kanta to ka koma ka duba kibiyoyinka. Kafasita da koyil, wato nadaddiyar waya, kuwa suna karɓa su mayar, alamarsu tana juyawa.

Wurin da ake yawan ruɗewa shi ne idan lambar da aka bayar ita kanta tana da ɗebewa, kamar i = −3. Kada ka juya kibiya a kanka sannan ka sake saka ɗebewar, ka juya sau biyu ke nan ka koma inda ka fito. Ka dubi zanen ka zaɓi vi ko −vi bisa kibiya da alamar da aka zana, sannan ka saka −3 yadda take. Kuma kibiyar tana nuna tafiyar caji na fozitib ne, al'adar da ta samo asali tun zamanin Benjamin Franklin, kafin J. J. Thomson ya gano ilektiron a 1897. A cikin waya ilektiron kishiyar kibiyar suke bi, amma wannan bai canza ko lamba ɗaya a lissafinka ba.

Hanyar tantance kanka a nan ba ta da wuya: ka tara ƙarfin duk abubuwan da ke da'irar, dole ya ba da sifili. Batir mai bolt 12 yana tura amfiya 2 cikin abubuwa biyu da ke jere, ɗaya ya ci bolt 8 ɗaya bolt 4: −24 da 16 da 8, sifili. In bai tashi sifili ba, akwai alamar da ta kuɓuce.

Batirin gidanku

200Ah da aka rubuta a jikin batir caji ne, ba makamashi ba. Amfiya ɗaya na awa ɗaya kulom 3,600 ne, ke nan batirin yana da'awar kulom 720,000. Kafin ka san aikin da zai yi sai ka shigo da boltej. A nan an yarda ka ninka, saboda boltej ɗin batir ba ya zubewa irin na kafasita, yana kai kawo ne a kusa da 12 a yawancin lokacin aikinsa. 12 sau 200, 2,400Wh, wato 2.4kWh. Wannan kWh ɗin shi ne yunit ɗin da mitar gida ke ci, kowane ɗaya jul miliyan 3.6 ne.

Shi ya sa kwatanta batura da Ah kaɗai yaudarar kai ce. Fawa-bank mai 20,000mAh, wato 20Ah, ƙwayoyin cikinsa bolt 3.7 ne, makamashinsa 74Wh. Ƙaramin batir mai bolt 12 da 7Ah kacal yana da 84Wh, ya fi shi, duk da lambarsa ta Ah ba ta kai rabi ba.

Daga 2,400Wh ɗin nan sai a fara zaftarewa. Idan batirin mai ruwan asid ne, tubula ko wanda aka rufe, ba a son a riƙa shanye fiye da rabinsa kullum in ana so ya yi ƙarko, saura 1,200Wh. Inbata ma tana cin nata, mu ɗauka tana isar da kashi 85 cikin 100, saura 1,020Wh. Yanzu kaya: a ce fanka biyu masu wat 70 kowace, talabijin wat 80, ƙwai shida masu wat 10, jimilla wat 280. Raba 1,020 da 280, awa uku da kusan minti 40.

Wannan ma rufin sama ne. Don inbata ta ba da wat 280 sai ta ja kusan wat 330 daga batir, amfiya 27 da rabi ke nan a bolt 12. Dubi jikin batirin, za ka ga C20 ko C10 kusa da 200Ah. C20 na nufin an samu wannan adadi ne da aka sauke shi a hankali cikin awa 20, amfiya 10. C10 amfiya 20 ne na awa 10. In ka ja fiye da haka, batirin asid ba zai ba ka cikakken 200Ah ba, abin da Wilhelm Peukert ya bayyana tun 1897. Ga tsufa, ga zafin ɗaki, wanda ke rage wa irin wannan batir kwana ƙwarai. Batirin litiyam ya fi haƙuri ta duk fuskokin biyu, ana iya shan kashi 80 ko fiye, kuma jan karent mai yawa bai cika rage masa ba. Lambobin kayan da na saka misali ne, ka sa naku a gurbinsu, tsarin bai canzawa.

Amfiya 27 ɗin nan tana da wata magana, ta waya. Ƙarfin da ke ƙonewa a waya i²R ne. Jan ƙarfe yana da kusan om 0.0175 a kowace mita idan kaurinsa 1mm² ne. Waya mai 4mm², mita biyu zuwa mita biyu dawowa, om 0.0175 ke nan, asara kusan wat 13, duk zafi. Sa mai 16mm², asarar ta dawo wat 3 da ɗoriya. Haka kuma batir biyu: in ka jera su kai da gindi ka samu bolt 24 da 200Ah, in ka haɗa su kai da kai ka samu bolt 12 da 400Ah. Makamashin ɗaya ne, 4,800Wh. Amma a bolt 24 karent ya ragu da rabi, asarar waya ta koma kashi ɗaya cikin huɗu. Dalilin da ya sa manyan inbata ke aiki da 24 ko 48 ke nan.

Idan kana son lamba ta gaskiya maimakon ƙiyasi, auna. Kilam mita, wadda ake maƙala wa waya ba tare da an yanke ta ba, ta fi sauƙi, sai dai ka tabbata tana auna karent na batir, don masu arha da yawa na wutar layi kaɗai suke gani. Waya ɗaya ake kamawa, in ka kama biyun tare za su soke juna ka ga sifili. Malti-mita ta hannu ramin karent ɗinta yawanci amfiya 10 ne iyaka, a jere ake saka ta cikin layin, kuma kada ka kuskura ka ɗora ta a kan kawunan batir biyu tana wannan ramin. In ka yi sa'a fiyus ne zai ƙone, in ba ka yi ba wayoyin ne a hannunka.

Awon da ka samu kuma tara shi za ka yi, irin yadda ka yi a aikin makaranta. A ce kana auna abin da sola ke zuba wa batir duk bayan awa biyu, daga takwas na safe zuwa huɗu na yamma, ka samu amfiya 2, 6, 8, 6, 2. Ɗauki matsakaicin kowane biyu da ke maƙwabtaka ka ninka da awa biyu: 8, 14, 14, 8, jimilla 44Ah. Wanda ya auna da tsakar rana kaɗai ya ga 8 ya ninka da awa takwas zai ce 64Ah, kuskure irin naka na jul 1.44 sak. Na'urar lura da batir mai shant, wato 'yar rizistar da take auna karent da ita, wannan tarawar take yi ba tsayawa, ita ce ke nuna maka kashi nawa ya rage.

Ɓangaren wutar layi

Duk abin da ke sama ya fi shafar karent mai tafiya hanya ɗaya. A ɗaya gefen inbata, ko a soket, wutar kai da komowa take yi, zagaye 50 a sakan. Bolt 230 da ake faɗa ba ƙololuwa ba ce, ƙololuwar kusan 325 ce, 230 ɗin shi ne adadin da zai zafafa rizista daidai da batir mai bolt 230. Jimillar cajin da ya ratsa dutsen guga a zagaye ɗaya cikakke sifili ne, abin da ya je ya dawo. Amma dutsen yana zafi, saboda lokacin da karent ya juya boltej ma ya juya, ɗebewa sau ɗebewa kuwa tarawa ce. A nan w = qv ba ta da ma inda za ta tsaya.

Kayan da ke da mota a ciki, wato injin lantarki mai juyawa, kamar firij, fanka, injin jan ruwa, karent ɗinsu yana ɗan bin bayan boltej, don haka a wani gutsuren kowane zagaye p yana zama ɗebewa, koyil na mayar da abin da ya karɓa. Matsakaicin ƙarfi sai ya zama P = VI cos φ, inda φ ke nuna tazarar da karent ya bi bayan boltej. Injin jan ruwa mai jan amfiya 4 a bolt 230, in cos φ ɗinsa 0.75 ne, 920VA, wato bolt sau amfiya, yake ɗora wa inbata da waya, amma wat 690 yake ci. Wajen lissafin awannin batir da yunit ɗin mita ka yi aiki da wat, wajen zaɓen girman inbata da kaurin waya ka yi aiki da VA, ka kuma bar sarari mai yawa, don mota tana jan ninkin karent ɗinta sau da dama a lokacin tashi.